Cohen: Muƙamin da Ya Koma Sunan Gida

Wani malamin makaranta mai bin labaran duniya ya aiko da wannan tambaya: "Malam, sunan nan Cohen ya ishe ni gani. Lauyan Trump da aka ɗaure Cohen ne, ɗan leƙen asirin da aka rataye a Siriya Cohen ne, wani tsohon shugaban Mossad ma Cohen ne. Shin gida ɗaya ne, ko wata sarauta ce ta Yahudawa? Sannan wani ya ce mini ma'anar sunan boka, wai daga kahin na Larabci. Gaskiya ne?"

Malam, wanda ya gaya maka zancen kahin ya taɓo gaskiya, sai dai ta wutsiya ya kama ta. Kalmar Ibrananci ce, ana furta ta kohen, kuma saiwarta ɗaya da kahin na Larabci: baƙaƙe uku, k da h da n. Harsunan biyu 'yan uwa ne, kamar yadda shalom da salam suke. Amma da tafiya ta yi nisa kowa ya kama hanyarsa. Wajen Larabawan jahiliyya kahin shi ne mai duba, mai faɗin gaibu da magana mai amsa-amo, shi ya sa Alƙur'ani ya kore wannan siffa daga Annabi (SAW) a Suratul Ɗur aya ta 29 da Suratul Haƙƙa aya ta 42. Wajen Bani Isra'ila kuwa kohen shi ne mai tsayawa gaban mahadaya, mai yanka, mai ƙona turare, mai sa wa jama'a albarka. Duba ma haramun ne a Attaurarsu. Har yau Larabawa Kiristoci na Labanon da Masar suna kiran limamin cocinsu kahin, wato sun riƙe tsohuwar ma'anar. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fassara kalmar da firist.

To wane ne kohen? Bisa Attaura, muƙamin na Annabi Haruna ne (AS) da 'ya'yansa maza da jikokinsa ta wajen uba, har abada. Haruna da Musa 'yan ƙabilar Lawi ne, ɗaya daga cikin 'ya'yan Annabi Yaƙub goma sha biyu. Sauran ƙabilar ta Lawi aka ba su hidimar wurin ibada: gadi, waƙa, ɗaukar kaya. Daga nan sunan Levi ya fito, wanda shi ne na biyu a yawa bayan Cohen a Isra'ila ta yau. Duk wanda ba Cohen ba ne kuma ba Levi ba, sunansa Yisra'el, wato gama-gari. Kashi uku ke nan, kuma mai bin addini a cikinsu ya san inda ya faɗa tun yana yaro.

Lokacin da Haikalin Ƙudus yake tsaye, aikin nasu na gaske ne, ba na suna ba. An raba su rukuni 24, kowane rukuni ya zo ya yi makonsa ya koma gida. Ba a ba su rabon ƙasa ba, da sadakar amfanin gona da kason naman hadaya suke ci. Babbansu, Kohen Gadol, shi kaɗai yake shiga ɗaki mafi tsarki, sau ɗaya a shekara, ranar azuminsu ta Yom Kippur. Annabi Zakariyya (AS), wanda Alƙur'ani ya nuna mana yana tsaye yana salla a mihrabi, Linjilar Luka ta ambace shi a matsayin ɗaya daga cikin waɗannan firistoci, matarsa ma ta ce daga zuriyar Haruna take.

Akwai wani wurin da kai da ka yi karatun Sira ka taɓa haɗuwa da su ba ka sani ba. Tsofaffin littattafan Larabawa suna kiran Banu Nadir da Banu Ƙuraiza na Madina da al-kahinan, kahinai biyu, saboda suna danganta kansu ga Haruna. Uwar Muminai Safiyya bint Huyay (RA) 'yar Banu Nadir ce. Tirmizi ya ruwaito cewa da aka goranta mata cewa ita 'yar Bayahude ce har ta yi kuka, Annabi (SAW) ya lallashe ta da cewa ita 'yar annabi ce, baffanta annabi ne, kuma tana auren annabi. Uban shi ne Haruna, baffan Musa. Da a ce gidan su Huyay sun rayu zuwa zamanin fasfo da katin shaida, ba mamaki Cohen za a rubuta musu.

Rumawa sun rushe Haikali a shekara ta 70 miladiyya. Daga ranar babu mahadaya, babu yanka, babu turare. Jagorancin addini ya koma hannun rabbai, wato malamansu, su kuma da karatu ake zama su. Nan ne mutane da yawa suke rikicewa, su ɗauka Cohen da rabbi abu ɗaya ne. Mu da muke da ɗan na gada da ɗan na koya bai kamata mu rikice ba: kohen na gada ne, rabbi na koya. Mutum na iya zama direban tasi, bai iya karanta layi biyu na Talmud, babban littafin fiƙihunsu, ba, amma in kohen ne shi za a fara kira ya hau karatun Attaura ranar Asabar, babban malamin gari yana zaune yana jiran layinsa. Rabban ma ba su bar abin ya wuce haka nan ba. A cikin Mishna, tsohon kundin dokokinsu, sun rubuta cewa shege mai ilimi yana gaba da babban kohen jahili. Ka ji tsohuwar gasa tsakanin jini da alƙalami, wadda ba a Yahudawa kaɗai take ba.

Abin mamakin shi ne an rushe wurin aiki shekara kusan dubu biyu, amma ma'aikatan ba su watse ba. An bar musu 'yan ayyuka kaɗan da wasu hane-hane, su ne suka riƙe tunanin daga uba zuwa ɗa.

Na farko shi ne sa albarka. In lokacinta ya yi a majami'a, kohanim, jam'in kalmar ke nan, sukan cire takalma, Lawiyawa su zuba musu ruwa a hannu, sai su hau gaba su juyo su fuskanci jama'a. Kowannensu ya ja mayafin addu'arsa ya rufe kai da hannuwa. A ƙarƙashin mayafin hannuwan a miƙe suke, yatsu a rarrabe: manuni da na tsakiya a haɗe, ƙaramin yatsa da na kusa da shi a haɗe, da tazara a tsakani. Mai jan addu'a ya faɗi kalma ɗaya, su maimaita da jan murya, har kalma goma sha biyar su cika, ayoyi uku na Littafin Ƙidaya da suke roƙon Ubangiji ya yi albarka, ya tsare, ya haskaka fuskarsa, ya ba da aminci. Jama'a ba sa kallonsu. Uba yakan jawo 'ya'yansa ya lulluɓe su cikin mayafinsa har a gama. A Ƙudus kullum ake yi, Yahudawan Turai da Amurka masu bin tsohuwar al'adar Ashkenazi kuwa sai ranakun idi. Tsufan waɗannan kalmomi ba ƙarami ba ne. A 1979 masu tonon kayan tarihi sun samo wasu 'yan layu biyu na azurfa a naɗe cikin wani kabari a Ketef Hinnom, gefen Ƙudus, da wannan addu'a a rubuce jikinsu, kuma an ƙiyasta sun kai shekara kusan 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Su ne mafi tsufan rubutun wani yanki na Attaura da aka sani.

Siffar hannun nan ta zama tambarinsu. Na taɓa yawo a tsohuwar maƙabartar Yahudawa ta Prague, inda duwatsu suka cunkushe suna jingine da juna kamar haƙoran tsoho. Ba sai ka iya Ibrananci ba: dutsen da ka ga an sassaƙa hannu biyu da yatsu a rarrabe, kohen ne a kwance. Wanda ka ga buta, Balawiye ne, mai zuba ruwan.

Na biyu fansar ɗan fari. In mace ta buɗe haihuwa da namiji, kuma iyayen ba gidan Cohen ko Levi ba ne, bayan kwana talatin sai a kira kohen. A kawo jariri a kan faranti, wasu gidajen mata su jera masa sarƙoƙinsu da 'yan kunne, a sa tafarnuwa da sukari a gefe don baƙi su ɗiba. Kohen ya tambayi uban: wanne ka fi so, ɗanka ko azurfa biyar? Uban ya ce ɗansa, ya miƙa tsabar azurfa biyar, nauyinsu wajen giram 100, a ci abinci a watse.

Hane-hanen su ne masu ciwo. Kohen ba ya kusantar gawa, ba ya shiga maƙabarta, ba ya zama ƙarƙashin rufi ɗaya da mamaci, sai in na jikinsa ne ƙwarai: uwa, uba, ɗa, 'ya, ɗan uwa, 'yar uwar da ba ta yi aure ba, da matarsa. Shi ya sa akan binne su a gefen hanya, don 'ya'yansu su iya tsayawa daga nesa su yi ziyara, kuma wasu asibitocin Isra'ila suna kafa alama a ƙofa in akwai gawa a ciki. Sannan ba ya auren sakakkiya, ba ya auren wadda ta shigo addinin daga waje. Wannan ba tarihi ba ne da ya wuce, domin a Isra'ila babu auren kotu, hukumar rabbai ce ke ɗaura wa Yahudawa aure. Haim Cohn, alƙalin Kotun Ƙoli ta ƙasar, tsohon babban lauyan gwamnati, da ya tashi auren Michal Smoira wadda ta taɓa aure aka rabu, sai da ya tsallaka New York a 1966 aka ɗaura. Alƙalin Kotun Ƙoli bai samu wanda zai ɗaura masa aure a ƙasarsa ba saboda sunan kakansa. Wasu yau Cyprus suke tashi su yi su dawo. Yahudawa 'yan Reform, reshe mai sassauci, masu yawa a Amurka, sun daɗe da ajiye wannan rabe-rabe gaba ɗaya.

Yanzu ga tambayarka ta ko gida ɗaya ne. Ɗaruruwan shekaru yawancin Yahudawan gabashin Turai ba su da sunan gida. Kamar mu suke, wane ɗan wane: Moshe ben Yaakov. In kohen ne a ƙara ha-Kohen a ƙarshe, laƙabi ne kamar yadda muke cewa wane Sharifi ko wane Liman. Gwamnatoci ne suka tilasta musu, don haraji da ɗiban soja. Sarki Joseph na Biyu na Ostiriya ya kafa doka a 1787, Rasha a 1804, Napoleon na Faransa a 1808, Prussia a 1812. Da magatakarda ya ce kowa ya kawo suna, abin da ya fi sauƙi ga kohen shi ne ya miƙa laƙabinsa. Dubban gidaje da ba su san juna ba, daga Lithuania zuwa Maroko zuwa Yaman, suka tashi da suna ɗaya. Yahudawan Andalus da arewacin Afirka sun riga su yin sunayen gida, amma su ma hanyar ɗaya ce. Saboda haka Cohen biyu da suka haɗu a jirgi ba su fi Liman biyu, na Daura da na Yola, kusanci ba, in ban da iƙirarin kakan nan na farko.

Kuma kowace ƙasa ta murɗe shi daidai bakinta. Jamus ta ba da Cohn, Kohn, Kahn da Cahn. Italiya Coen, ko su fassara shi kai tsaye su ce Sacerdoti. Rashanci ba shi da h irin namu, g yake mayar da shi, Hitler ma Gitler suke rubutawa, sai aka samu Kagan da Kogan da Kaganovich. Elena Kagan da ta hau Kotun Ƙolin Amurka a 2010 da Lazar Kaganovich na hannun daman Stalin duk Cohen ne cikin rigar Rasha. Kahane da Kahana siffar Aramiyanci ce. Kaplan daga kalmar firist ta mutanen Poland. Katz kuwa taƙaitawa ce ta Kohen Tzedek, firist na gaskiya, ko da yake a kunnen Bajamushe kyanwa take nufi. Wasu sukan haɗa da gari don a bambance su da sauran: Cohen-Tannoudji na nufin Cohen na Tanja, birnin Maroko, kamar dai mu ce Liman Kano.

Sai a yi hattara, kama da wane ba wane ba ne. Kahn daban, Khan na finafinan Indiya daban: wannan sarautar Turkawa da Mongol ce, ba ruwanta da Haruna. Kaplan a bakin Baturke damisa ce. George M. Cohan, shahararren mawaƙin dandalin New York, ɗan asalin Ireland ne, Katolika. George Cohen, mai tsaron baya na dama da ya ci Kofin Duniya da Ingila a 1966, wanda bai taɓa buga wa wata ƙungiya ba sai Fulham, sunan ya gada daga wani kakan kakanni amma a cocin Ingila ya tashi. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne William Cohen, ministan tsaron Amurka daga 1997 zuwa 2001. Ubansa Bayahude ne mai gidan burodi a jihar Maine, uwarsa Kirista. Ya yi shekaru yana makarantar Ibrananci, da lokacin bikin balagarsa ya zo aka ce sai an yi masa shiga addini tukuna, domin yahudanci ta uwa ake gadonsa. Yaron ya yi fushi ya fita, bai koma ba. Ka ga tsarin: zama kohen ta uba, zama Bayahude ta uwa, sunan fasfo kuma ta doka. Abu uku ne, sau da yawa suna haɗuwa kan mutum ɗaya, amma ba dole ba. Haka kuma akwai kohanim da ba sa amsa sunan sam. Gidan Rappaport sanannen gidan kohanim ne.

To iƙirarin kakan fa, akwai ƙamshin gaskiya? Wani likitan ƙoda, Karl Skorecki, shi kansa kohen ne na Ashkenazi, ya ga an kira wani kohen na Sefardi, wato reshen Yahudawan Andalus da gabas, a majami'a, kamanninsu ko kusa ba su haɗu ba, sai ya ce in da gaske uba ɗaya ne, ya kamata a ga alama a ƙwayar gado ta Y, wadda ɗa ke karɓa daga uba kaɗai. Shi da Michael Hammer da abokan aikinsu suka buga sakamakon farko a mujallar Nature a 1997, kuma lalle sun ga wata alama ta fi yawa a kohanim fiye da sauran Yahudawa, na Turai da na gabas baki ɗaya. Jaridu suka ɗauka da zafi wai an gano jinin Haruna. Bincike mai zurfi da aka fitar a 2009 ya rage zumuɗin: kimanin kashi 46 cikin ɗari na kohanim ne suke kan reshe ɗaya, wanda ake kira J1, sauran sun rarrabu a wasu rassa. Kuma J1 ɗin nan cike yake a Yaman da tsibirin Larabawa, abin da bai kamata ya ba kowa mamaki ba. A ganina abin da za a iya faɗa da gaba gaɗi shi ne: kusan rabinsu sun fito daga namiji ɗaya da ya rayu a Gabas ta Tsakiya tun da daɗewa, wanda ya nuna riƙon nasabar ba tatsuniya ba ce zalla. Amma jini ba ya zuwa da suna rubuce. Rabin da suka rage kuma shaida ne cewa a shekara dubu uku abubuwa da yawa suna faruwa a gidaje. An ma sami irin alamar da yawa a dangin Buba na mutanen Lemba da ke Zimbabwe da Afirka ta Kudu, waɗanda tun da can suke cewa kakanninsu maza daga ƙetaren teku suka zo.

Sarauta kuwa babu. Sunan ya yi yawa ne kawai, a Isra'ila kusan mutum ɗaya cikin hamsin, shi ya sa duk inda ka juya sai ka ci karo da shi, a gidan yari da ɗakin bincike da filin ƙwallo.

Ɗan leƙen asirin da ka ambata shi ne Eli Cohen. A Iskandariya ta Masar aka haife shi a 1924, asalin gidansu Halab, don haka Larabci harshen gidansu ne. Mossad, hukumar leƙen asirin Isra'ila, ta tura shi Buenos Aires a 1961 da sunan Kamil Amin Sabit, attajiri ɗan Siriya mai kewar gida, daga can ya shiga Dimashƙa a 1962 ya kutsa cikin manyan soja da 'yan siyasa. An kama shi a Janairun 1965 yana tsakar aika saƙo ta rediyo, aka rataye shi a dandalin Marja ranar 18 ga Mayu na shekarar. Gawarsa ba ta koma ba. Yossi Cohen da ya shugabanci Mossad daga 2016 zuwa 2021 suna kawai ya haɗa su. Michael Cohen, lauyan Trump, an yanke masa shekara uku a 2018, daga baya ya zama babban mai ba da shaida a kan tsohon maigidansa. Kafin shi ma Trump ya yi wani lauya mai sunan, Roy Cohn, wanda ya yi wa Sanata McCarthy aikin farautar 'yan gurguzu a shekarun 1950.

Wanda zai ce sunan yana nuna ra'ayin siyasa, ga mutum biyu ya auna. Meir Kahane ya kafa jam'iyyar Kach mai neman a kori Larabawa, wadda Isra'ila da kanta ta hana ta takara a 1988 saboda wariyar jinsi, aka harbe shi a New York a 1990. Ben Cohen kuwa, wanda shi da abokinsa Jerry Greenfield suka fara sayar da askirim a wani tsohon gidan mai a Vermont a 1978, ya goyi bayan shawarar kamfanin Ben & Jerry's ta 2021 ta daina ciniki a matsugunan Yahudawa na Yammacin Kogin Jodan, kuma a Mayun 2025 'yan sanda suka fitar da shi daga zaman wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka yana ɗaga murya kan Gaza. Suna ɗaya, in ka cire bambancin lafazi.

Inda sunan ya fi yin nauyi a wurina shi ne kimiyya, kuma nan ba a cika jin labarinsa a rediyo ba. Ferdinand Cohn na Breslau yana cikin waɗanda suka kafa ilimin ƙwayoyin cuta, shi ne ya buga aikin wani likitan ƙauye da ba a sani ba a 1876, Robert Koch. Stanley Cohen har biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Ɗaya ya karɓi kyautar Nobel a 1986 tare da Rita Levi-Montalcini kan sinadaran da ke sa ƙwayoyin jiki girma, Cohen da Levi ke nan suka sake haɗuwa wurin aiki. Ɗayan, na jami'ar Stanford, shi da Herbert Boyer suka fara yanko ƙwayar gado daga wata halitta su dasa a wata a 1973, hanyar da aka bi har aka kai ga insulin ɗin da masu ciwon sukari ke sha allura a yau. Paul Cohen ya warware wata tsohuwar matsalar lissafi a 1963, ya karɓi lambar Fields, babbar kyautar masana lissafi, a 1966. Claude Cohen-Tannoudji, haifaffen Ƙusanɗina ta Aljeriya, Nobel a 1997. Saƙon da ka turo mini ma ya bi ta hannun ɗayansu, domin Bob Kahn da Vint Cerf ne suka tsara ƙa'idar da kwamfutoci ke magana da juna a intanet, a 1974.

A kasuwa akwai Jack Cohen, ɗan tela, wanda ya dawo daga yaƙi a 1919 ya kafa tebur a kasuwar Hackney ta Landan. Ya ɗauki haruffa uku daga sunan mai kawo masa ganyen shayi, T. E. Stockwell, ya haɗa da biyu na farkon nasa, Tesco, babban kamfanin shagunan nan na Birtaniya, ta fito. A waƙa akwai Leonard Cohen na Montreal, wanda ya rasu a 2016. Shi ya ɗauki gadon da gaske ta hanyarsa: ya yi shekaru a gidan zuhudun mabiya Buddha, amma da ya yi wasa a Ramat Gan ta Isra'ila a 2009, ya rufe taron ne da ɗaga hannuwa ya karanta wa dubban mutane albarkar nan ta kalma goma sha biyar.

Biyu daga cikinsu sun taɓa mu kai tsaye. Sir Andrew Cohen ya shugabanci sashen Afirka na Ofishin Mulkin Mallaka a Landan daga 1947, kuma yana cikin manyan waɗanda suka tura manufar janyewa daga mulki ta hannun sarakuna zuwa majalisun da ake zaɓa, iskar da ta kaɗa En'e ɗinmu daga baya. Da aka naɗa shi gwamnan Uganda, shi ne ya kori Sarkin Buganda, Kabaka Mutesa na Biyu, zuwa Ingila a 1953, kuma a zamaninsa aka dawo da shi a 1955.

Na biyun shi ne Abner Cohen, haifaffen Bagadaza a 1921, masanin zamantakewar al'umma da ya yi karatu a Manchester. A 1962 da 1963 ya zauna cikin Hausawan Sabo a Ibadan yana nazarin yadda suka riƙe cinikin shanu daga arewa da goro daga kudu. Ya bi tsarin masu gida da ke saukar da fatake su tsaya musu, da dillalai, da bashin da ke tafiya ɗaruruwan mil babu takarda sai amana. Ya nuna cewa da Turawa suka fara janye goyon bayan da suke ba Sarkin Hausawa a farkon shekarun 1950, mutanen Sabo suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya kusan gaba ɗaya, suka ware masallacin Juma'arsu, ɗariƙar ta zama igiyar da ta ɗaure unguwar da kasuwancinta. Littafin ya fito a 1969, kuma har yau duk ɗalibin da zai yi rubutu kan zango-zango, daga Kumasi zuwa Duwala, sai ya bi ta kansa. Da ya zo neman sunan da zai kira wannan sarƙa ta Hausawa da ke zaune garuruwan wasu suna riƙe da juna ta addini da aure da ciniki, kalmar Girkanci ya ɗauko, diaspora, wadda kafin nan aka fi sani da warwatsuwar mutanensa.